Igiyar Kwasar Ƙwai

Fararen tsuntsayen nan masu kukan kyanwa sun rufe gaɓar dutsen ruf, teku na haukanta can ƙasa. Malsun ta naɗa igiya a kugunta, ta tokare ƙafa da dutse, Dokpal ƙanin mijinta ya soma sauka da kwandon ƙwai a bayansa.

Samarin tsibirin duk sun gudu birni. In ba haka ba, ina Dokpal zai yarda ya ba ta igiyarsa?

Dokar kwasar ƙwai guda ce, kowa ya san ta: mai riƙon igiya ba ya kare fuskarsa, ko da tsuntsu zai ƙwaƙule masa ido. Shekara tara ke nan da Dokpal ya riƙe wa yayansa Giljun a daidai wannan wuri. Ya dawo gari yana kuka, wai igiya ce ta tsinke. Amma ita ce ta kwance igiyar daga kugun gawar mijinta, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Ta gane sakin igiyar ya yi, amma ba ta faɗa wa kowa ba. Tun ranar ta tsani mutumin nan, tsana mai hana cin abinci.

"Matar Yaya, sassauta kaɗan!" ya ƙwalo daga ƙasa.

Ta sassauta, har ya yi lilo a sararin da babu wurin taka ƙafa. Sai ta tsaya cak.

Nan tsuntsayen suka yo kanta. Na farko ya tsaga mata goshi, na biyu ya cafki kunne. Jini ya cika mata ido. Kai, ga dama har gida! In ta buɗe hannu kawai, ta ce tsuntsaye ne, wa zai musa?

"Matar Yaya! Kina nan? Don Allah yi magana!"

Ta bar shi yana kira har muryarsa ta dushe. Sannan ta cije leɓe ta soma ja.

Da ya hauro, rabin ƙwan ya farfashe a kwando. Ya dubi fuskarta, ya kasa ɗauke ido. Ba ta goge jinin ba, ta miƙa masa tafukanta da igiya ta saɓule wa fata.

"Ka gani, Dokpal? Ashe ana iya riƙewa."

Ta naɗe igiyar tsaf, ta rataya masa a wuya. Haka ta sa shi gaba suka nufi cikin gari, inda mata ke zaune bakin hanya suna jiran ƙwai.