Fitilar da ke rawa da keken ɗinki

Auta ne ya zubar wa uwarsa mutunci, ba kowa ba. Shi da wayarsa da ƙwayayen fitilarsa na banza. Duk wanda ya ce idon Iya mai ɗinki ne ya mutu, ƙarya yake yi, ko da daga cikinta ya fito.

Iya ta tsufa a kan keke. Ɗakin ɗinkinta na can ƙuryar gida, tagarsa ɗaya, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Ko da rana tsaka sai da fitila. Farin ƙwan lantarki guda ne a saman keken, makunninsa a bakin ƙofa. Ka danna ya kama, ka danna ya mutu. Bai taɓa yi mata gardama ba.

Sai ga Auta, ɗan da ta goya har ƙafarsa na jan ƙasa, wanda abokansa ke kira Injiniya alhali ko fitilar hannu bai taɓa gyarawa ba. Ya shigo da kwali, ya taka kujerarta da takalmi, ya kwance farin ƙwan, ya ɗaura nasa. Ya bi bango da wata igiya mai haske, ya liƙa har bayan keken. Sannan ya manne makunnin da salatif.

"Iya, kada ki sake taɓa wannan. Yanzu komai a waya yake."

"A wayar wa?"

"Tawa mana. Duba ki gani. Wannan ketowar alfijir ce." Ɗakin ya yi jaja-jaja. "Wannan daji." Ya koma kore, wasu inuwoyi na motsi a bango wai ganye ne. "Ga teku. Ga faɗuwar rana. Har walƙiya akwai, in kina son hadari."

"Ni na ce maka ina son hadari a ɗaki? In na so ganin rana ba sai in fita ba?"

"Iya ke nan! Ai ba ki ga komai ba. Yana jin kiɗa. Ki kunna rediyonki ki sha kallo."

Ya sa wayarsa a aljihu, ya tafi wurin aiki. Wayar ta tafi da makunnin ɗakin uwarsa.

Abin da gwanin bai lissafa ba, ƙwan nan ba ya bambance kiɗa da aiki. Iya na taka keke, kaca-kaca-kaca, sai fitila ta ɗauka ganga ake bugawa. Ja, rawaya, ja, ruwan lemo. Iya ta tsaya, fitila ta tsaya. Ta taka, fitila ta tashi da rawa. Ko almakashi ta ajiye da ƙarfi sai bango ya yi ƙifta. Tsohuwa da furfurarta tana neman abincinta, an mayar mata da ɗaki gidan rawa.

Ta yi wa Auta magana da yamma. Ya ce zai saita. Washegari ta sake yi. Ya ce abin sabo ne, idonta zai saba. Matarsa na gefe tana ɗaukar bango a waya tana cewa, "Wallahi Iya ɗakinki ya fi namu kyau."

A makon nan ne wata malamar asibiti ta kawo yadi. Tun tana ɗaliba Iya ke yi mata ɗinki, yanzu ga shi za ta ajiye aiki, abokan aikinta za su yi mata taron sallama. Yadi shuɗi mai duhu, ta ce a yi mata aikin wuya da na hannu da zare irin launinsa sak, yadda sai an matso za a ga adon.

Iya ta buɗe gwangwanin zarenta, ta ɗora kwarkwaron zare a kan yadin yadda ta saba, ta ga sun haɗu. A lokacin ɗakin na cikin faɗuwar ranar Auta. Ta zauna ta yi aiki mai kyau, fitila na tsalle a kanta.

Iya kuwa tana da dokarta: ɗinkin mutum ba ya fita tsakar gida kafin mai shi ya gani. Matan unguwa idonsu kamar almakashi, kafin ka kai wa mai kaya sun yanke samfurin sun kai wa telansu. Don haka a ɗaki ta goge, a ɗaki ta ninke, ta naɗe a takarda, aka aika.

Ranar taron malamar ta warware rigarta a gaban taga. Shuɗin yadi, koren zare. Kore shar, daga wuya har hannu.

Ba ta zo da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta aiko da rigar, da saƙo ta bakin babbar 'yar Iya: a gaishe da Iya, Allah ya ƙara lafiya, amma a kai ta a duba mata ido. Kafin mako ya zagayo mata biyu sun zo sun karɓe yadinsu, suna ta sunkuyar da kai, wai sun fasa ɗinkin ne.

Babbar 'yar, wadda duk gidan ke kira Yaya, ba ta tsaya tambaya ba. Ran hutu da hantsi ta zo da mai a-kori-kura, ya tsaya a ƙofar gida.

"Iya, mun yi shawara. Keken nan za a kai wa 'yar ƙanwarki da ke koyon ɗinki. Ke ki huta."

"Ku wa kuka yi shawarar?"

"Ni da Auta."

"Au, da shi?" Iya ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan keken. "Kira min shi."

Auta ya shigo yana hamma, matarsa na leƙe ta bayansa. Muryar Iya na tashi, bango ya ɗauki ja, ya fara bugawa daidai da maganarta. Matar ta toshe baki tana dariya.

"Yi dariyarki, yarinya, ai ba naki sunan aka ja a ƙasa ba. Kai kuma, sa min faɗuwar ranar nan taka."

Ya latsa. Ɗakin ya yi ruwan lemo. Iya ta zaro kwarkwaro biyu daga gwangwani ta danƙa wa Yaya.

"Ke mai tabarau. Wanne ne shuɗi?"

Yaya ta juya su, ta kai kusa da fuska, ta ɗaga sama. "Duk baƙaƙe ne ai."

"Fita da su waje."

Ta fita. Ta ɗan jima kafin ta dawo, ta ajiye su a kan keke a hankali. Amma wai don kada a ce ta zo a banza, sai ta gyara murya. "To, na gani. Duk da haka, Iya, shekaru sun ja. Tunda masu kawo ɗinkin ma sun fara janyewa, kuma ga mai mota yana jira…"

"Ya yi ta jira. Wa ya kore su? Shekaruna?"

Auta bai ɗago daga wayarsa ba. "Ai akwai farin haske a ciki, Iya. Da kin ce ɗinki mai launi za ki yi, da na sa miki."

"Da na ce? A ɗakina, a kan kekena, sai na nemi izininka kafin in ga zare? Me kake tsammani nake yi a nan tun kafin a haife ka, kallon teku?"

Ta miƙe, ta ɓanɓare salatif ɗin daga makunni, ta danna. Rawar ta mutu, ɗakin ya yi duhu, sai ɗan hasken ƙofa. Ta lalubo rigar malamar asibiti ta cusa masa a ƙirji.

"Keken nan ba inda za shi. Kai ne za ka fita. Ka ɗauki rigar nan da ƙwanka, ka je gidan matar nan, ka ɗaura mata shi a falonta, ka sa mata faɗuwar rana ta gani da idonta. Daga can ka bi gidajen matan da suka karɓe yadinsu, ɗaya bayan ɗaya, ka faɗa musu da bakinka wane ne ya makantar da ɗakin nan. Ba a waya ba, Injiniya. Da ƙafarka. Sa takalminka, ina tsaye."