Batirin Pompin Albasa

Iska ta tuge panon rana daga bisa rumfata, ta maka shi cikin duwatsu. Da shi nike cika batiri, batiri ya tuƙa pompi, pompi ya ba irin albasata ruwa. Garinmu, bayan Bangi, babu kuran, wato wutar lantarki. Batiri ya sauka, iri ya fara kwanciya.

Rijiyar lambuna tana da zurfi. Ɗiyana maza suna Agadas, matata A'i kuwa bayanta bai ɗaukar guga. Ranar kasuwa na sa batiri cikin buhu, na hau kamyo, babbar motar kaya, sai Madawa.

Harisu mai gyaran radiyo yana da wani akwatin ƙarfe da yake jonawa ga kuran, mai allura da abin murɗawa. Ya buɗe marufan batiri, ya ƙara mishi ruwa, ya maƙala jar waya da baƙa, ya murɗa ɗan kaɗan.

"Baba, sai gobe war haka," in ji shi.

"Gobe? Kamyo na komawa da la'asar."

"To ka kwana. Madawa ba ta cizo."

"Kai ka kwana. Irin nan in ya ƙara shan rana guda, ya tafi. Ƙara mishi wuta."

"Batiri ba tukunyar tuwo ba ne, Baba. Sannu yake sha, kamar tsoho da hura."

Anka kira azahar. Ya ce in tsare mishi shago. Ni matafiyi ne, na ce zan haɗa da la'asar. Na zauna ina kallon allura, ba ta ko motsi. Duk abin da na sani a duniya, in ka ƙara mishi wuta yana sauri. Na kama abin murɗawa na kai shi ƙarshe.

Allura ta tashi. Ruwan cikin batiri ya fara ɓararraka. Na ce yawwa, ga aiki. Can sai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na taɓa jikinshi, na janye hannu. Cikinshi ya kumbura kamar tunkiyar da ta ci tohon dawa.

Harisu ya shigo da gudu ya fizge waya daga bango.

"Inna lillahi! Baba, mi ka yi?"

"Na taya ka aiki. Duba allura, ta hau."

"Ta hau, amma ba ta zama. Ka dafa shi. Ka gode Allah bai fashe maka a ido ba."

Da batirin ya huce na maida shi buhu, na saɓa, na hau kamyo.

Da marece na isa lambu. A'i tana zaune bakin rijiya, ta rufa wa irin kara don ya samu inuwa. Na jona pompi. Ya yi gurnani, ruwa ya fito, ya bi lambatu har ya taɓa fangali na farko. Sai gurnanin ya yi sanyi, ya yi sanyi, ya ɗauke. Na buga batiri da ƙafa. Shiru.

A'i ta dubi fangalan ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, wanne za mu ceta?"

Na ɗaura igiya ga guga, na zura.

"Na kusa da rijiya."

Ina ja, tana juyewa da ƙwarya, hannu guda dafe da ƙugu. Sauran fangalan suna bayanmu, ba wanda ya waiwaya.