Ruwan da Aka Ba Baƙo

Zuliha tana hango farar motar ta shigo ƙauyensu a gundumar Kwandiko, ranta ya ɓaci. Shi ne dai, Ubaidullahi mai takardun tambaya, da hularsa a karkace kamar an aiko shi rabon aljanna.

Shekara biyu ke nan da zuwansa na farko, lokacin da wata ƙungiya ta turo shi ya gano ƙauyen da ya fi bukatar rijiyar burtsatse. A ranar mai unguwa Maikano, yayan mijinta, ya ce ba za a kunyata gari a gaban baƙo ba. Ya sa mata suka yi sammako har rijiyar maƙwabta, tafiyar awa guda, aka wanke randuna aka cika. Duk gidan da Ubaidullahi ya shiga, ruwa garai-garai aka miƙa masa. Ya sha, ya rubuta cewa mutanen nan ba su da matsalar ruwa. Burtsatse ta tafi wani gari, su kuwa suka koma kududdufinsu. Damina biyu 'yarta Basma tana fitsarin jini.

Yau Zuliha ba ta jira kowa ba. Ta ɗebo ruwan kududdufi a bokiti, ta tare shi a bakin hanya.

"Malam, ga abin da muke sha. Rubuta."

Ya kalli bokitin, ya kalli takardarsa. "Ki yi haƙuri, Inna. A ƙa'idar bincike gida na biyar-biyar muke shiga, don kada a ce mun zaɓi wanda muke so. Naki bai faɗo ciki ba."

"Cutar ma biyar-biyar take ƙirgawa?"

Ya wuce abinsa yana ƙirga ƙofofi da bakin biro. Wallahi ta tsane shi, ta tsani biron nan. Ita ma ta bi shi da ido tana ƙirgawa, sai ta ga inda biyar ɗin za ta faɗa: gidan Maikano. Can kuwa an riga an shimfiɗa tabarma, ga randar zaure cike da ruwan maƙwabta, har da sabuwar moɗa.

Ta riga baƙon shiga zauren. Ta ɗaga murfi ta juye bokitin gaba ɗaya a randar.

Maikano ya miƙe zumbur. "Zuliha, kin haukace? A gaban baƙo za ki tozarta mu?"

"Yaya, mutuncinka muka sha shekara biyu, bai warkar da Basma ba."

Ta cika moɗar. Ruwan ja ne, 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Ta miƙa wa Ubaidullahi har ya kusa taɓa masa gemu.

"Ga gida na biyar. Wancan karon ka sha kafin ka rubuta."

Maikano ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Ubaidullahi ya ɗaga masa hannu. Ya ajiye takardar a kan tabarma, ya karɓi moɗar da hannu biyu, ya kai bakinsa. Zuliha ba ta matsa ba, ta tsaya a kansa sai da ta ga maƙogwaronsa ya motsa.