Begilar Kofur Maliki

Kofur Maliki ya kafa baki a kan karan da aka soka a jikin ƙoƙo, ya zuƙi hayaƙin har idanunsa suka kawo ruwa. Dabo wanzami na tsugune gabansa a zaure, ya danne ƙoƙon da ya kife a cikin kasko. A kaskon akwai ruwa, a tsakiyar ruwan kuma tsingaro mai zafi da aka zuba wa 'ya'yan gautan kura. Da hayaƙin ya ƙare Dabo ya ɗaga ƙoƙon, sai ga wasu fararen abubuwa sirara suna yawo a kan ruwan.

"Ka gan su ko, Kofur? Tsutsotsin da ke cin haƙorinka ke nan. Na yau ma sun fi na makon jiya ƙiba."

Maliki ya gyaɗa kai kawai, don buɗe baki ya zame masa aiki. Tun farkon damina kuncinsa na hagu ya kumbura, daga nan zazzaɓi ya shigo ya yi zamansa, gwiwoyi suka riƙe, zuciya ta riƙa dukan ƙirji ko da yana kwance. Tuwo ya gagare shi, sai kunu da nonon da ake kawowa daga rugar bakin daji. Mutumin da ya ratsa dazukan ƙasar Bama da ƙafa lokacin yaƙin duniya, yau masallacin ƙofar gida ma sai da sanda.

Ba ramar ce ta fi damunsa ba. Shi mai busa begila ne a soja, kuma tun da ya dawo Birnin Gwari ya fara cin fansho, shi ke busawa kowace shekara ranar tunawa da mazan jiya, a gaban ofishin En'e, hukumar gargajiya, Di'o Baturen mulki da manyan gari na tsaye. Ranar ta ƙarato, kuma an riga an sa wani ɗan doka ya fara koyo don ya maye gurbinsa. Kullum da la'asar Maliki na jiyo shi daga bariki, yana fitar da wata ƙara kamar jaki mai mura. Wannan ƙarar ta fi haƙorin yi masa ciwo.

Dabo na fita, Azumi matar Maliki ta shigo zauren da garwashi a marfin tukunya da gautan kura guda a hannu. Ta gasa tsingaron, ta mayar da shi kaskon da sabon ruwa, ta zuba 'ya'yan, ta kife ƙoƙo, ta bar hayaƙin ya yi ta fita ta karan ba bakin kowa a kai. Da ta ɗaga ƙoƙon, ga fararen abubuwan nan birjik a kan ruwa.

"Maigida, waɗannan kuma daga bakin wa suka fito? Na zaure?"

Maliki ya daɗe yana kallon ruwan. 'Ya'yan ne ke fashewa don zafi su zubar da cikinsu, shi ke nan. Kunya ta kama shi, ta haɗu da haushi.

"Yau kasuwa," in ji Azumi. "Likitan da ke zuwa rangadi daga Kaduna yana ɗakin shan magani, kuma an ce har baki yana dubawa."

"Na san aikinsu," ya ce da ƙyar, ta gefen baki. "Na ga yadda suke yi a soja. Awartaki ne. Ke ba ki san begila ba, Azumi. A kan haƙoran gaba leɓe ke jingina. In aka cire su, na gama."

"To yanzu da suke bakinka, kana busawa ne?"

Ya yi ƙwafa, ya ce ta ɗauko masa kakinsa na soja.

Kakin ya yi masa yawa har sai da Azumi ta ƙara huda a ɗamarar. Ta ce a aro jaki, ya ce ba a taɓa kai soja gaban likita a kan jaki ba alhali yana da ƙafa. Haka ya ratsa kasuwa yana dogara sanda, ta gefen motocin da ke lodin dawa, yana tsayawa a inuwar kowace rumfa kamar mai taya kaya, nan kuwa numfashi yake mayarwa.

Malam Ƙasimu disfensa ya shigar da shi. Likitan wani Bature ne mai sanƙo, hannun riga a naɗe. Maliki ya ƙame ya sara masa, sannan ya zauna, ya ɗora yatsu a kan haƙoransa na gaba ya ƙi ɗagawa.

"Baba Kofur, ai sai ka cire hannun ya ga ciki," in ji Ƙasimu.

"Ka faɗa masa tukuna. Waɗannan na begila ne. Sauran na bar masa."

Ƙasimu ya juya wa likitan maganar da Turanci. Likitan ya yi dariya, ya ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Ya leƙa da ɗan madubi, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, har ya taɓa wurin da ya sa Maliki ya kusa tashi da kujerar. Ya kuma duba idonsa, ya saurari ƙirjinsa.

"Ya ce na gaban nan lafiyarsu lau, asuwaki ya yi maka rana," in ji Ƙasimu. "Na tauna ne biyu can ciki suka ruɓe, mugunya ta taru a ƙarƙashinsu tana bin jini. Ita ce zazzaɓin, ita ce gwiwoyin, kuma ta fara taɓa zuciya. Yana tambaya, yaushe rabon da a duba bakinka?"

Maliki ya yi tunani. A soja jera su ake yi a rana, kowa ya wangale baki likita ya bi layi, ko kana jin ciwo ko ba ka ji. Suna ta ƙorafi a lokacin. Tun ranar da aka sallame shi kuwa babu wanda ya sake leƙa bakinsa sai Dabo, shi ma ta cikin hayaƙi.

"Tun Bama," ya ce.

Aka yi masa allura a dasashi, aka kawo awartakin. Ba za a ce bai ji tsoro ba, ya ji, har gumi ya jiƙa kakin. Amma ko tari bai yi ba. Da aka gama, abin da ya fara yi shi ne kai harshe gaba ya shafa. Suna nan daram. Sai hawaye ya zubo masa, ya ce wa Ƙasimu warin maganin ne.

Likitan ya ce zai riƙa zuwa allura wajen Ƙasimu, ya kurkure baki da ruwan gishiri, begila kuma a bar ta sai ramin ya rufe. Ya ƙara da cewa duk zuwan da zai yi rangadi yana son ganinsa, ko ba ciwo.

Zazzaɓin ne ya fara tafiya, gwiwoyin suka bi baya. Ran da ya cinye malmalar tuwo ya nemi ƙari, Azumi ta shiga ɗaki ta yi kukanta na murna. Da ramin ya rufe ya koma bakin daji inda ya saba gwaji, ya yi ta busa har makiyaya suka zo yi masa barka.

Ranar taron, ɗan dokan nan na tsaye a gefe da tasa begilar, ko da za a buƙace shi. Maliki ya fito ba sanda. Ya ɗaga begila, ya jingina leɓe, ya saki sautin. Ya fita tsaf, ya ratsa filin har tsallaken hanyar Kaduna, kuma da ya zo dogon jan nan na ƙarshe ya riƙe shi bai girgiza ba. Ɗan dokan ya mayar da tasa bayansa a hankali.

Da aka watse tsofaffin sojoji suka kewaye shi. Bappa, wanda suka yi Bama tare, ya rungume shi yana dariya, hannu ɗaya a kan baki. Maliki ya ji wani wari da ya sani sarai, don ya kwana da shi damina guda.

"Bappa, cire hannun nan in gani."

"Haba Kofur, ɗan zafi ne kawai in na sha ruwan sanyi."

"Likita zai dawo kasuwar farkon wata. Zan biyo maka da safe."

"Ni da ba na busa komai?"

Maliki ya goge bakin begilarsa da gefen riga, ya sa ta cikin jaka.

"Ka dai sa a wanke maka kakinka," ya ce.