Hannu na Huɗu

Da umarni ya zo daga sama cewa a fara koyar da lafiyar ƙwaƙwalwa, Shugaba ba ta wahalar da kanta neman gwani ba. Ta duba wanda ba shi da aji bayan hutun cin abinci, abin ya faɗa kan malamin ladabtarwa, mutumin da tarinsa kaɗai ke share baranda.

Ranar da mai duba makarantu zai zo, an tsara komai. Yara uku ne za su ɗaga hannu: mai tsoron jarrabawa, mai rigima da ƙawaye, mai yawan mantuwa. Damuwa mai tsabta, wadda ba ta ɓata sunan makaranta.

Baƙo ya zauna a bayan aji, Shugaba a gefensa. Malam ya ce, "Wa ke da abin da ke damunsa?"

Hannu huɗu suka tashi.

Na huɗun na 'yar Malam ne, a layin taga. Ya sallami ukun ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowace amsa kamar ƙararrawa za ta cece shi. Hannun bai sauka ba. Shugaba ta girgiza masa kai a hankali.

"Malam," in ji baƙo, "ga wata can hannunta zai tsinke."

"Ke, tashi."

Ta miƙe, idonta a kan allo. "Malam, tun rasuwar mahaifiyata ba na iya barci."

 Kowa a ajin ya san mahaifiyar, kowa ya san mijinta.

"Kin gaya wa wani babba a gida?" Abin da aka koya masa ya tambaya ke nan.

"Na gaya wa babana. Ya ce in yi haƙuri."

"To, ai haƙuri..."

"Na yi, Malam. Ya ƙare. Shi ma ina jin nasa ya ƙare, don takalmanta na nan bakin ƙofa, ya hana a taɓa."

Shugaba ta yi wuf ta ce, "Sai mu tafa mata, mu ci gaba."

Babu wanda ya tafa. Malam ya dubi allin da ke hannunsa, ya taka har bayan aji, ya miƙa wa baƙo.

"Ranka ya daɗe, riƙe mini ajin."

Ya juyo wajen 'yarsa.

"Uwata, ɗauko jakarki."