Gwaggo da Ƙofar Saman Bene

Ranar da Auta ya ɗauko Gwaggo a tasinsa ya kawo ta gidansa, ko inda za ta ajiye kayanta ba ta tambaya ba. Tagogi ta bi tana leƙawa.

"Auta, ta ina rana take shigo muku?"

"Ba ta shigowa, Gwaggo. Amma akwai wuta, ga kuma fanka."

"Fanka!" in ji ta. Ta juya ga matarsa. "'Yata, haka kike zaune cikin tulu ba ki taɓa kawo mini ƙara ba?"

Gwaggo yayar mahaifin Auta ce. Ta haura saba'in, amma har yanzu tana sunkuyawa ta ɗauki allura a ƙasa ba tare da ta dafa gwiwa ba. A masaƙa ta yi ƙuruciyarta, tsaye gaban injin zare, kuma can ne wata malamar jinya ta koya wa ma'aikata miƙe jiki kafin a kama aiki. Da suka bar aikin sauran matan suka watsar, ita ta riƙe. Kowace safiya sai ta fita hantsi ta miƙe gaɓoɓinta kafin ta sa komai a baki.

Gidan hayar su Auta bene ne da dogayen gine-gine suka rufe ta kowane gefe. Washegari Gwaggo ta bi matakala har ƙarshe, ta tarar da ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo, haske yana tsiyayowa ta ƙarƙashinta. Ta sauko wajen mai gadi, wani dattijo da ke wuni kan benci yana matsa gwiwarsa.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "Mai gidan ne ya hana, saboda yara. Katangar saman gajera ce."

Ba ta yi musu ba. Ta lura cewa daidai bakin ƙofar gidan, gaban bencinsa, akwai wani ɗan zirin hantsi da ke sauka kafin ginin maƙwabta ya tare shi. Nan ta mayar filinta. Ta ɗaga hannaye sama kamar mai tsinko abu a reshe, ta karkata dama, ta karkata hagu, ta dafa bango ta miƙe ƙafa ɗaya baya. Masu fita aiki suna raɓa ta suna gaisuwa, tana amsawa kanta a sunkuye.

"Gwaggo, mutane fa suna kallo," Auta ya ce mata ƙasa-ƙasa.

"Su kalla, idonsu ne. Kai da kake fitowa daga mota kamar an naɗe tabarma, zo ka tsaya nan."

Ya yi dariya ya ja motarsa. Shi tun safe yake zaune bayan sitiyari, gilashi a rufe, har yamma.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, sai bayansa ya riƙe. Da ƙyar matarsa da mai gadi suka kai shi asibiti. Likita ya duba shi ya ce ba abin da ya karye, zama ne ya yi yawa. Ya ba shi magani, ya nuna masa motsin da zai riƙa yi a hankali, ya ce ya riƙa fita iska da safe. Auta ya sha maganin, sauran maganar kuwa ya bar ta a asibiti. Ya kwanta ya ja labule. Abinci sai an yi da gaske, barci ya ƙi, ƙaramin abu sai faɗa.

Gwaggo ta sake zuwa wajen mai gadi. Wannan karon zama ta yi a ƙarshen bencinsa.

"Malam, kira mini mai gidan. Ni zan yi magana."

Mai gadi ya kira, ya miƙa mata wayar. Ta gaida mai gidan, ta tambayi iyalinsa, sannan ta ce ɗanta yana kwance cikin duhu alhali Allah ya ajiye rana kyauta a saman ginin. Ta yi alkawari makullin ba zai bar hannunta ba, kuma yaro ba zai taka wurin ba. Mai gidan ya ce a ba ta makullin.

Saman ya cika da kashin tattabaru da fasassun bokitai. Ita da matar Auta suka share, suka wanke, suka shimfiɗa tabarma. Sannan Gwaggo ta shiga ɗakin Auta ta yaye labulen.

"Tashi."

"Gwaggo, wallahi ba zan iya hawa ba."

"Na goya ubanka, kai ma na goya ka. Kada ka sa in gwada yanzu a gaban matarka."

Ya tashi. Yana dafe da kafaɗarta, yana nishi, suna hutawa a kowace kwana, har suka fito. Hasken ya sa ya runtse ido. Ta zaunar da shi ya juya wa rana baya, ta ce kada ya yi komai tukuna. Ɗumin ya ratsa rigarsa, ya ji kafaɗunsa suna sauka da kansu. Da ya ɗan huta ta sa shi ya kwanta rigingine ya jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, yadda likita ya nuna.

"Inda ya fara ja, nan za ka tsaya. Ba kokawa kake da jikin ba. Ja numfashi."

Daga ƙasa ya ɗaga ido ya gan ta tsaye da ƙafa ɗaya, hannunta a katanga, fuskarta a sake, tana yi wa matarsa hira kamar a kujera take. Kunya ta kama shi, sai kuma ya ji wani alfahari, cewa wannan tsohuwar tasu ce.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Akwai safiyar da ya yi gardama, akwai wadda ya zarce ƙima ya dawo yana ɗingishi, Gwaggo ta yi masa tatas. Amma barcinsa ya daidaita, ya fara neman ƙarin abinci, kuma kafin wata ya zagayo ya koma kan mota. Yanzu in ya sauke fasinja yakan fito ya dafa bayan motar ya miƙe, sauran direbobi suna tsokanarsa wai yana tura motar da ba ta mutu ba.

Matan hawa na biyu suka fara bin Gwaggo sama. Wata safiya sai ga mai gadi a bakin ƙofar ƙarfen yana haki.

"Na zo duba tankin ruwa ne," ya ce.

"Tankin lafiyarsa ƙalau, Malam. Zo ka dafa katangar nan mu ga gwiwar."

Ya cire hularsa ya ajiye a kan tankin, ya zo ya dafa. Gwaggo ta tsaya gefensa tana gyara masa tsayuwa, har hantsi ya fara zafi, ta tafa hannu ta ce kowa ya sauka haka nan.