Tiyo Biyun da Na Ɓoye Shekara Goma Sha Ɗaya

Jiya da rana tsaka, bayan na ci tuwon shinkafa na yi nak, na yi wani mafarki a ƙarƙashin fiffiken jirginmu.

Kafin in faɗe shi sai kun san halin da na kwanta a ciki. Sunana Tanko, shekara ashirin da uku ina makanikancin wani ɗan jirgi mai inji ɗaya, wanda muke feshin tsuntsaye jan-baki da shi a gonakin shinkafa. Bara aka kawo mana wani Nafi'u, mai takardu, mai farar safar hannu. Jiya da lokacin canza tiyon fetur da na baƙin mai ya yi, matuƙiyarmu Kyaftin Ladidi ta ce a gabana, ko kunyar furfurata ba ta ji ba, “Bari Injiniya Nafi'u ya zaɓo.” Injiniya! Ni kuwa Baba Tanko kawai. Wallahi abin ya ci mini rai. Sai na ce mata ina da wasu tiyo biyu 'yan asali, na naɗe su a tawul na ɓoye shekara goma sha ɗaya don irin wannan rana. Ta ce in kawo bayan la'asar, in sun fi na Nafi'u su za a ɗaura. Na ɗauko su, na yi matashi da su, na kishingiɗa.

Sai ga ni a wata kasuwa da ba a sayar da komai sai tiyo. An ɗaɗɗaure su a turke suna kaɗa wutsiya. Ruwan sama yana tasowa daga ƙasa yana hawa, don haka kowa ya riƙe lemarsa ta wajen ƙafa. Ban ga abin mamaki ba, na juya tawa ni ma.

Jirginmu ya zo cefane da kansa, yana tafe a kan tayoyinsa, Kyaftin Ladidi ta riƙe masa farfela tana tsallakar da shi titi. Ni na san tarinsa, ni na san atishawarsa, amma ya wuce ni ko kallo babu. Ya tsaya gaban Nafi'u ya rusuna. Nafi'u kuwa yana zaune a kan iska, ba kujera, yana karanta wa wani tiyo takardar haihuwarsa.

Na ce, “Kai jirgi, ni ne fa Tanko! Wa ya yi jinyarka lokacin da ka yi zazzaɓin fulogi?”

Ya ce, “Wani tsoho ne, mutumin kirki. Ka san shi?”

Daga nan sai na gan mu a ofishin tantance tiyo. Shugaban ofishin wani bunsuru ne mai tabarau, duk takardar da ya sa wa hannu sai ya cinye ta don kada ta ɓata. Nafi'u ya ajiye nasa tiyon a tebur, sumul-sumul, kowanne sanye da rigar kare wuta mai ruwan goro, da ɗan ƙarfe a wuya da aka buga ranar da aka ƙera shi. Na kau da kai don kishi.

Bunsurun ya dube ni ya ce, “Naka shekarunsu nawa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, sabbi ne fil, ba a taɓa ɗaura su a inji ba.”

Na buɗe tawul, sai na ga dukansu biyu sun yi farin gemu. Na fetur ɗin har da sanda. Ya yi tari ya ce mini, “Ɗan nan, wace shekara muke?” Na toshe masa baki, na lakuto baƙin mai na rine musu gemun kafin kowa ya ankara.

Bunsurun ya ce doka ta ce sai ya ciza. Ya ciji na Nafi'u, haƙorinsa ya dawo baya. Ya sake cizo, ko alama. Ya ce, “Wannan ba ya taunuwa, ya faɗi.” Ya gatsi nawa, ya lumshe ido ya ce, “Kai, ƙuli-ƙuli! Wannan ya ci jarrabawa.”

Nan take aka cire wa Nafi'u farar safar aka sa mini. Na waiga don in ga yadda fuskarsa za ta yi, na same shi yana tafa mini da zuciya ɗaya. Haba, mutum ko ɗan ɓata rai ba zai yi ba? Daɗin duk ya zube.

Ban san lokacin da muka tashi ba. Mun dai kasance a sama, gonakin shinkafa a bisa kanmu, tsuntsaye jan-baki sun goyo tankunan feshi suna bin mu a layi. Kyaftin Ladidi na tuƙi, ni ina bayanta ina juya hannuna don safar ta fito sosai. A cikin inji ina jin tsofaffina suna minshari.

Can sai na fetur ya yi hamma, bakinsa ya ƙi rufuwa. Fetur ya fara fita yana hawa sama yaf-yaf kamar yayyafi. Na baƙin mai ya ce bayansa ya riƙe, a bar shi ya ɗan kwanta. Inji ya yi wani tari, irin wanda na sani, irin wanda ba a yi sau uku.

Kyaftin ta ce, “Baba Tanko, muna faɗuwa.”

Na ce, “Sama ko ƙasa?”

Ta ce, “Duk inda ka ga dama, ai kai ka zaɓi tiyon.”

Ta cire takalmanta ta jera su a gefe. Ta ce, “In ka riga ni sauka, ka gaya wa 'yata abincinta yana cikin kula, kada ta jira ni.” Ba ta zage ni ba, ba ta ko harare ni ba.

Sai jirgin ya buɗe murya ya ce, “Injiniya Nafi'u! Injiniya Nafi'u!”

Allah ya yafe mini, a wannan halin ma sunan ne ya fi yi mini zafi, ba faɗuwar ba. Na buga masa gefe na ce, “Butulu, kira ni mana! Ga ni a cikinka!”

Ya ce, “Na sani, Baba. Ai kai nake kai ƙara.”

Ƙasa ta taso ta kowane gefe, tana wani sauti, ƙurus, ƙurus, ƙurus.

Na buɗe ido. Akuyar maigadi ce ta zare tiyon fetur daga ƙarƙashin kaina tana tauna, robar na marmashewa a bakinta tana zuba a siminti. Tiyon kirki ko kare ba ya iya huda shi. Na ɗauki ɗayan na lanƙwasa, ya tsattsage tun daga kai har gindi. Zama ya kashe su a cikin tawul, ni kuwa ina ta yi musu kirari. Na tura su ƙarƙashin benci da ƙafa.

Bayan la'asar sai ga Kyaftin, takalmanta a ƙafarta, Nafi'u na biye. Ta ce, “Baba Tanko, ina 'yan asalin?”

Na ce, “A ɗaura na Injiniya.” Da ƙyar kalmar ta fito.

Nafi'u ya dubi akuya, ya dubi marmashin roba a ƙasa, na tabbata ya gane komai. Na jira ya yi dariya in samu abin riƙewa. Sai ya miƙo mini sifana ya ce, “Baba, kai za ka ɗaure, hannunka ya fi nawa sanin inda ake tsayawa.”

Na karɓa, na ɗaure su tam, jirgi ya tashi ya dawo lafiya. Takardu ya fi ni, na haƙura, ashe har kirki ma ya fi ni. Wannan kam har yanzu ban yafe masa ba.